Hannu Kawai, Kawu

Ruwan da ya shiga cibiyar koyon sana'a ko sallama bai yi ba. An kulle ɗakin gwaji lafiya lau a ƙarshen mako, da aka dawo aka buɗe sai aka tarar da allunan wayarin suna iyo, akwatunan kayan aiki cike da laka, ga wani ƙaton kwaɗo zaune a kan teburin Malam kamar shi aka turo ya sa ido a jarrabawa. Bututun babban tanki ne ya fashe a sama, silin ya sha ruwa ya ƙoshi ya rufto. Jarrabawar aikin hannu kuwa tana bakin ƙofa.

Cikin waɗanda suka tsaya suna leƙen ɓarnar ta taga har da Auta. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa ba mai wahalar da kansa wajen tuna ainihin sunanta. Irin yarinyar nan ce da in ta yi magana sai an ce mata "me kika ce?", in ta maimaita a sake cewa "ɗaga murya mana". Hannunta ne kaɗai ba ya jin kunya. In ta riƙe filaya da sukundireba sai ka rantse wata ce daban. Ta kai ƙarshen karatun wayarin, wannan jarrabawar ce ta rage mata, kuma wani kamfanin sola ya riga ya ce zai ɗauki 'yan ajinsu da suka samu takardar shaida a bana. Wanda bai samu ba sai ya sake zaman shekara guda, tare da sabbin shiga waɗanda ba su san jar waya daga baƙa ba.

Hukumar jarrabawa ta ce ba za ta jira a gyara rufi ba. Malam ya tara su a inuwar baranda ya karanta musu abin da aka yanke: kowa zai yi aikinsa a gida, a ɗauke shi bidiyo da waya, a tura wa wata lamba. Ya ce kada a yanke bidiyon, kada a tsayar, kuma a riƙa ganin hannun ɗalibi tun daga wayar farko har ƙwan lantarki ya kama. Ya maimaita maganar hannun yana kallon samarin ajin ɗaya bayan ɗaya, don ya san akwai masu yayye a sana'ar. Sannan aka ba kowa allon katako, makunni biyu, ƙwai ɗaya, da naɗin waya.

Aikin da aka ba su shi ne irin na matakalar bene: ƙwai ɗaya, makunni biyu, ka kunna a ƙasa ka kashe a sama, ko ka kunna a sama ka kashe a ƙasa. Auta ta sha yin sa. A hanya ma ta gama tsara komai a ranta: za ta ari wayar Yaya, babbar yayarta, ta jingina ta da gwangwanin madara a kan tebur, ta rufe ƙofa ta yi aikinta ba mai kallonta.

Kuskurenta ɗaya, ta faɗa wa Umma. Umma kuwa tana jin an ce bidiyo ta ɗauki waya ta kira ƙaninta.

Kawu mai ɗaukar bidiyon biki ne, kowa Darakta yake ce masa, shi ma haka ya rubuta a bayan babur ɗinsa. Washegari da hantsi ya iso da jakunkuna, da kyamara mai ƙafa uku, da fitilu, sanye da wata falmaran mai aljihu ko'ina har a kafaɗa. Da ya ji zancen gwangwanin madara sai da ya zauna. Ya ce shi yana raye, yana da kyamarar da ta ɗauki amare sun fi a ƙirga, 'yar yayarsa ta yi jarrabawa da gwangwani? Me mutane za su ce?

Kafin Auta ta buɗe baki ya juya falon. Ya tura kujeru bango, ya sauke kalanda, ya rataya wani labule mai sheƙi. Ya ce Umma ta je ta sauya kaya. Yaya ta zo da hoda da jan baki ta ce ai injiniya ma mace ce. Da ƙyar Auta ta tsira da hodar kawai. Da komai ya lafa ta matsa kusa da shi, tana murza bakin mayafinta, ta ce masa an ce kada a yanke, kuma hannu ake so a gani.

"Na ji, 'yata," in ji Kawu, yana goge gilashin kyamara da gefen falmaran. "Ke dai yi naki, ki bar ni da nawa."

Ta fara. Ta feɗe bakin wayoyi, ta ɗaure mazaunin ƙwai, ta ja wayoyi biyu tsakanin makunnan. Tana aiki tana ganin bakin kyamarar ta gefen ido. Da farko yana kan allon. Can sai ya ɗago ya dawo fuskarta. Daga nan ya lallaɓa wajen Umma, wadda ta zauna a kujera ta haɗa hannuwa kamar uwar amarya. Ya leƙa agogon bango, ya bi fanka, har kyanwar gidan da ta shigo ta yi miƙa sai da ta samu rabonta. Maganar ta zo wa Auta har maƙogwaro, ta haɗiye ta. Kawu ne fa. Kuma kyauta ya zo.

Wataƙila wannan haɗiyar ce ta raba mata hankali. Da ta gama ta jona allon a soket ta danna makunnin farko, ƙwai ya kama. Ta danna na biyu ya mutu. Ta koma na farko, shiru. Ta danna, ta sake dannawa, ƙwan ya yi kamar bai san ta ba. Yaya ta ce "to fa". Umma ta fara addu'a a bayyane.

Auta ta zare filogi, ta kwance murfin makunnin farko ta tsura masa ido. Ramuka uku ne a bayansa, ɗaya na shigar wuta, biyu na wayoyin da ke tafiya wajen ɗan'uwansa. Ta sa jar wayar wuta a ramin da ba nata ba. Ta kwance, ta sauya musu wuri, ta ɗaure, ta mayar da murfi. Wannan karon ƙwan ya bi umarni daga kowane ɓangare. Umma ta fashe da kukan daɗi, Kawu ya bi hawayen da kyamara tun daga ido har haɓa.

Yana cikin naɗe wayoyinsa Auta ta ce ko zai tura mata abin yadda yake, ta aika. Ya dube ta kamar ta ce ya fita ba riga. Ya ce shi bai taɓa ba kowa ɗanyen aiki ba, sai ya zauna ya tace. Ya tambayi lambar da ake turawa, Umma ta miƙa masa takardar da Malam ya rubuta ta a ciki.

Kashegari da yamma ya dawo yana murmushi tun daga bakin ƙofa. Ya ce ya riga ya tura musu tun rana, don kada a makara, yanzu saura 'yan gida su ga abinsu. Ya jona a talabijin. Maƙwabta biyu da suka zo aron dutsen guga suka samu wuri suka zauna.

Kiɗa ya fara tashi. Sai ga rubutun zinare yana juyowa daga nesa: Injiniya Auta. Aka nuno fuskarta a cikin zuciya mai walƙiya. Aka nuno sukundireba tana juyawa a hankali, a hankali, kamar mai rawa a cikin ruwa. Kyanwa ta yi miƙarta daidai inda kiɗan ya sauya. Aikin da ya ci kusan awa guda ya dawo tsawon waƙa ɗaya. Wurin da ƙwai ya ƙi kamawa kuwa babu shi. Daidai nan furanni suka zubo daga saman talabijin suka rufe allon ruf, da suka watse sai ga ƙwai yana haske. Hawayen Umma sau biyu aka nuna su, na biyun a hankali.

Falon ya ɗauki tafi. Maƙwabciya ta ce wallahi ya fi na bikin 'yarta kyau. Yaya ta ce a sake sa wa. Umma ta ce ita dai ba ta san ta yi ƙiba haka ba.

Auta kuwa ta miƙe. Ta bi Kawu har wajen babur ta tambaye shi ko na asalin yana nan, wanda ba a taɓa ba. Ya ce ai ya goge, katin kyamarar yana da biki gobe. Ya ce ta kwantar da hankalinta, ya rufa mata asiri a wurin da ta ɗan yi tuntuɓe, ko malaminta ba zai gane ba. Ya buga babur ya tafi yana ɗaga mata hannu.

Ba a daɗe ba kiran ya zo, a wayar Yaya. Yaya ta ɗauka da muryar gayu, sai ta gyara tsayuwa ta miƙo wa Auta tana raɗa mata cewa Mai Maki ce daga hukumar jarrabawa. Muryar mace ce, babba, irin wadda ta yini tana kallon allunan katako.

"Ke ce Injiniya Auta?"

Auta ta ce ita ce, da muryar da ko ita ba ta ji ba.

"Na kalli bidiyonki. Duk ofis mun kalla, har mai shara ta ajiye tsintsiya. Na ga fuskarki, na ga mahaifiyarki, ki gaishe ta. Na ga kyanwarku. Abin da zan ba maki ne ban gani ba."

Ta ce a ƙa'ida bidiyon da aka yanke faɗuwa ce kai tsaye, don ba ta da hanyar sanin hannun wa ya yi aikin. Amma ba Auta kaɗai ba ce. Akwai wanda ƙaninsa ya ɗauki silin tun daga farko har ƙarshe, akwai wadda cajinta ya ƙare ana tsaka da aiki. Saboda haka hukuma ta ware gobe da safe, za ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta bidiyo, kowa ya yi a gabanta tana kallo. Wanda bai yi ba, sai baɗi.

Auta ta ajiye wayar ta je ta kwance allon gaba ɗaya, ta miƙe wayoyin, ta jera sukurori a murfin kwalba. Tana cikin haka ta jiyo Umma a kicin tana waya, tana cewa ai kuwa sai ka zo da wuri, wannan karon kai tsaye za a yi.

Da safe gari ya tashi da hadari. Kawu ya iso da jakunkunan shekaranjiya da ƙarin wata. Tun daga tsakar gida yake faɗa, wai mutanen hukuma ba su san aiki ba, an ba su abu mai kyau sun ce ɗanye suke so. Amma ba komai, yau zai nuna musu yadda ake ɗaukar kai tsaye, zai riƙe wayar da kansa ya riƙa zagayawa.

Auta na tsaye a ƙofar falo. Ba ta shirya tsayawa a nan ba, ƙafafunta ne suka kai ta suka ƙi matsawa. Ta gaishe shi, ya amsa yana neman hanyar wucewa. Ba ta kauce ba.

"Kawu, ƙafar kyamarar nan nake so ka ara min. Ita kaɗai."

"Ni kuma fa?"

"Ka zauna a waje."

Yaya, da ke bayanta da hoda a hannu, ta koma ɗaki da baya da baya. Umma ta leƙo daga kicin ta ce ke Auta, kawun naki? Auta dai tunda ta fara sai ta ƙarasa, idonta a kan takalminsa.

"Bidiyonka ya yi kyau, Kawu. Amma in na faɗi yau, shekara guda zan sake."

Kawu ya dubi yayarsa, ya dubi jakunkunansa. Sannan ya zare ƙafar kyamarar ya miƙa mata, ya ja kujerar roba ya zauna a baranda ya juya wa ƙofa baya, ya shiga danna wayarsa da ƙarfi kamar ita ta yi masa laifi.

Auta ta ɗaure wayar Yaya a kan ƙafar da salatif ɗin wayarin, ta karkato ta ƙasa yadda ba abin da take gani sai allo da hannuwa. Ta cire labulen mai sheƙi. Ta kori kyanwa. Umma da Yaya suka tsaya a bakin ƙofa bisa sharaɗin ba tari ba addu'a a bayyane.

Mai Maki ta kira. Ta sa Auta ta nuna fuskarta sau ɗaya, ta juya wayar ta nuna ɗakin, sannan ta ce bismillah. Sukurun farko ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera. Auta ta bar shi ta ɗauki wani. Kafin ta gama ɗaure mazaunin ƙwai hannunta ya dawo nata.

Sai hadarin ya ƙaraso. Falon ya yi duhu kamar an ja bargo a kan taga, ƙwan silin ɗinsu kuwa ɗan ƙarami ne, kuma a bayanta yake, inuwarta ta rufe allon.

"Dakata," in ji Mai Maki. "Ba na bambance ja da baƙa. In ban gani ba, ba zan rubuta ba."

Yaya ta kawo tocilan, batirinta ya mutu tun bara. Umma ta ce a buɗe ƙofa, aka buɗe, iska ta shigo da ruwa. Auta ta tsaya da filaya a hannu. Ta ƙofar tana hango ƙeyar Kawu, da jakar fitilunsa a gefen ƙafarsa, ya ja ta ciki don kada ta jiƙe.

"Kawu," ta ce. Bai juyo ba. Ta ɗaga murya, har ita kanta ta ɗan firgita. "Kawu, zo ka haska min."

Ya ɗauki lokacinsa. Ya tashi, ya kakkaɓe wando, ya zaro fitilar nan da yake haska amare da ita, ya shigo yana kallon silin. Da ya kunna, allon ya fito tar, har zaren jan ƙarfen cikin waya ana gani. Mai Maki ta ce yawwa, haka nake so.

Auta ta ci gaba. Ba a jima ba ta ji hasken yana hawa, ya bar allo ya biyo hannun riga, ya iso haɓarta. Ba da gangan yake yi ba, hannunsa ne ya saba neman fuska.

"Hannu kawai, Kawu."

Hasken ya koma ƙasa. Can ya sake lallaɓowa. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Hannu." Ya koma. Yaya ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Da ta zo kan makunnin farko Mai Maki ta tsayar da ita. Ta ce akwai abin da ke damunta tun jiya. A bidiyon, kafin furanni su zubo, jar waya tana ramin gefe. Da furanni suka watse, ta koma ramin sama.

"Me ya faru a ƙarƙashin furannin?"

Hasken ya ɗan girgiza. Auta ta ce kuskure ta yi, ta sa wayar wuta inda ba wurinta ba, ƙwan ya riƙa kamawa ta ɓangare ɗaya kawai.

"Wa ya gano?"

"Ni."

"To sake yin kuskuren yanzu, da gangan. Ki jona, ki nuna min yadda ya ƙi, ki nuna min yadda kika gano. Kina yi kina faɗa, kuma ki ɗaga murya, ruwan nan ya fi ki baki."

Haka Auta ta ɓata aikinta da hannunta, ta jona, ta danna nan ta danna can ƙwan ya ƙi. Ta zare filogi, ta taɓa da testa ta tabbatar ba wuta, ta kwance murfin, tana yi tana bayani. Tun tana faɗa wa allo har ta koma faɗa wa matar. Umma ta ce daga baya ita tunda ta haife ta ba ta taɓa jin ta yi magana mai tsawon wannan ba. Da ta mayar da jar waya wurinta, ƙwan ya kama daga hagu, ya mutu daga dama, ya kama daga dama, ya mutu daga hagu. Mai Maki ta sa ta yi ta dannawa, sannan ta sa ta ja kowace waya a gani ko ta ɗauru. Ɗaya ta ɗan nuna jan ƙarfe a bakin rami. Auta ta gani, matar ma ta gani, aka ji ƙarar biro.

Mai Maki ta ce sakamako daga hukuma yake fitowa, ba daga bakinta ba. Sannan ta yi gyaran murya ta tambaya ko mai riƙe da fitilar shi ne mai furannin. Kawu ya ce shi ne, ranki ya daɗe, da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba. Ta ce ya kusa jawo wa yarinya shekara guda. Ya ce haka ne. Ta ce to, ƙanwarta za ta yi aure bayan wata biyu, ya ba Auta lambarsa ta turo mata, kuma a can ya zuba furanni yadda ya ga dama.

Hasken ya tashi sama gaba ɗaya ya haska silin.

Sakamakon ya fito ana gyaran rufin cibiya. Auta ta ci. Ba ta samu daraja ta sama ba. An rage mata na jan ƙarfen nan da ya leƙo, wurin gano matsala da gyarawa kuwa an ba ta cikakke. Kamfanin sola ya kira ta tare da sauran.

Ranar da za ta fara aiki, tana fitowa da jakar kayan aikinta ta tarar da Kawu a ƙofar gida, kyamara a kafaɗa, falmaran ta sha guga. Ya ce ba zai shiga ko'ina ba, tafiyarta kawai zai ɗauka, daga nan zuwa bakin titi. Auta ta dube shi, ta dubi Umma da ta riga ta sauya kaya ta tsaya a bayansa.

"Zuwa bakin titi," ta ce. "Ban da kyanwa."